Kumburin da Ba a Yi wa Sakiya

  Ina gaishe ku mutanen Kwandiko da Sara da Kila da Fagam da Basirka. Ina gaishe ku mutanen Birnin Kudu da ƙauyukanta, har da maƙwabtanmu na ɓangaren Bauchi da ke kama mu a rediyo. 

Maganar yau mai nauyi ce a baki. Ta shafi wurin da Bahaushe ba ya son ambata. Idan akwai surukai a zaune, a yi mini afuwa. Ba zan faɗi abin da zai sa a sunkuyar da kai ba, amma sai na kira abu da sunansa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga maganar a dunƙule. Akwai mutanen da aka yi wa tiyatar ciwon daji na dubura, aka cire duburar gaba ɗaya, aka ɗinke wurin. Bayan wasu watanni, sai wani kumburi ya ɓullo daidai inda aka ɗinke. Sau da yawa wannan kumburin ƙaba ce. Hanji ne a cikinsa. Ba a yi masa sakiya. Asibiti ake komawa da shi, kuma ana gyara shi. Ku riƙe wannan, zan yi ta dawowa kansa.

To, bari mu fara daga tushe. Me ke kai mutum ga irin wannan tiyata?

Ciwon daji na dubura yakan fara ne a hankali. Jini a bayan gida. Majina a bayan gida. Mutum ya je ya tsuguna, ya tashi, ya ji kamar bai gama ba. Yau gudawa, gobe bahaya ta ƙi fita. Sai rama ta biyo baya. A garuruwanmu duk wannan suna ɗaya gare shi, basir. Ka shiga kasuwar Sara ko tashar mota a Birnin Kudu, za ka ji mai magani da lasifika yana lissafa maka basir kala-kala, mai tsiro da mai jini da mai sa kasala. Mutum ya sayi ƙulli. Ya ƙare, ya sayi wani. Shekara ta zagayo yana jiƙa saiwa yana sha.

Basir gaskiya ne, akwai shi, kuma mafi yawan masu ganin jini shi ne ke damunsu. Matsalar ita ce kansa, wato ciwon daji, ita ma da wannan rigar take shigowa. Likitocin tiyata a Najeriya sun daɗe suna faɗin abu biyu a kan wannan ciwo. Na farko, yana kama mutanenmu da sauran ƙarfinsu, 'yan shekara 40 zuwa 50, ba sai tsofaffi ba kamar yadda aka fi gani a Turai. Na biyu, yawancin masu shi ba sa zuwa asibiti sai ya yi nisa.

Idan tsiron yana can sama, ko an gano shi da wuri, likita yakan yanke wurin da ya lalace ya haɗa hanjin, mutum ya ci gaba da zagayawa kamar kowa. Idan kuwa yana ƙasa sosai, ya kama naman da ke riƙe bahaya, babu dabara. Sai an cire duburar da ƙofarta da naman da ke kewaye da ita. Sai a fito da bakin hanji ta gefen ciki, yawanci ta hagu, a riƙa manna masa leda. Wurin da ƙofar take a da, a ɗinke shi ruf.

Wannan aiki ba sabo ba ne. Wani likitan Ingila, Ernest Miles, shi ya bayyana shi a birnin Landan a 1908. A wancan zamanin aikin kasada ne ƙwarai. Cikin mutum 12 da ya fara ba da rahotonsu, 5 ba su tashi ba. Yau an yi nisa da wannan. Akwai ƙarin jini, akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta, akwai ƙwararrun masu sa barci. Mutane suna tashi, suna komawa gida, suna aurar da 'ya'yansu. Kuma da yake suna rayuwa, sai wasu matsalolin bayan aiki suka samu lokacin bayyana. Ƙabar da muke magana tana cikinsu.

Yanzu sai mu zo ga tambaya ta biyu. Ta yaya ƙaba ke fitowa a wurin da aka ɗinke?

Ku dubi buhun gero. Duk nauyin hatsin a gindin buhun yake sauka. A ce an farke gindin, an yanke wani yanki na buhun, sannan aka jawo abin da ya rage aka ɗinke. Buhun zai tsaya. Amma duk lokacin da aka ɗaga shi aka dire, ɗinkin nan ne ke shan wuya. Haka cikin ɗan Adam yake. A ƙasan ƙugu akwai shimfiɗar nama da ke tallafe da kayan ciki. Tiyatar takan tafi da wani ɓangare na wannan naman, kuma ta bar fili a inda dubura take. Ƙananan hanji sai su gangaro su cike filin. Idan mutum ya tsaya, nauyinsu a kan ɗinkin yake. Idan ya yi tari ko ya yi nishi, ƙarin nauyi ne. A hankali naman ciki ya saki. Fata ce kawai ta rage tsakanin hanji da waje.

A shekarun baya-bayan nan likitoci sun ƙara faɗaɗa yankan, musamman bayan da wani likitan Suwidin, Torbjörn Holm, ya bayyana hanyarsa a 2007. Dalilinsu mai kyau ne, kada a bar ɓurɓushin kansa a baya. Sai dai gwargwadon faɗin yanka, gwargwadon girman giɓin da za a rufe. Ga kuma gashi, wato hasken nan da ake haska wa tsiro a wurare irin su asibitin Shika da ke Zariya domin ya ƙanƙance. Gashi yana taimakawa sosai, amma naman da aka gasa ba ya saurin haɗewa. Idan ɗinkin ya yi ruwa ya daɗe bai warke ba, haɗarin ya ƙaru. Mai shan taba ma haka. Mata kuwa, saboda faɗin ƙugu, sun fi fuskantar abin, musamman wadda aka cire mata mahaifa.

Kada wannan ya tsorata kowa. Ba duk wanda aka yi wa aikin ne ke samun ƙaba ba. Da yawa ba sa samu. Wasu kuma tasu ƙarama ce, ba ta damunsu, sai a hoton asibiti ake ganinta.

Masu sauraro, ga kashi na uku, kuma a nan nake so a matso kusa da rediyo. Yaya ake gane ta?

Mu ɗauki misali, ba da wani nake ba. Magidanci ne, an yi masa aiki a Kano, ya dawo gida. Wata bakwai, wata takwas, ƙarfi ya fara dawowa. Kaka ta yi. Ya ga yara na fama da buhun riɗi a bakin amalanke, zuciya ta ce masa ai ka warke, ya sa hannu. Da daddare ya ji wani nauyi a tsakanin cinyoyinsa ta baya. Ya shafa, ya ji tudu mai laushi, girman ƙwan kaza. Ya kwanta. Da asuba ya shafa, babu komai. Ya ce alhamdu lillahi. Da hantsi, bayan ya yi tsayuwa a bakin kasuwa, ga shi ya dawo. Ya yi tari, ya ji abin ya harbo hannunsa. Wani lokaci har ƙugi yake ji a wurin, irin na ciki. Zaman tahiya ya fara yi masa wuya. A kan benci sai ya karkace gefe guda. Fitsari ma wani lokaci sai ya yi ta jira.

Wannan ita ce alamarta. Tana fitowa in an tsaya, tana komawa in an kwanta, tana motsi in an yi tari. Maruru ba ya haka. Maruru ba ya ɓacewa da dare ya dawo da rana.

Daga nan mutumin namu hanya biyu yakan bi, kuma duk ba su ɓullewa. Ko dai ya ce ciwon ne ya dawo, kwana ya ƙare, ya yi shiru ya shiga ɗaki, ko uwargida ba zai gaya wa ba. Ko kuma ya gaya wa wani amininsa, aminin ya ce ai ƙurji ne ya tara ruwa, a kira wanzami.

Ina girmama wanzamai. Su suka yi mana aski ranar suna, su suka yi mana kaciya, kuma akwai masu hankali da yawa a cikinsu. Amma ku saurare ni da kyau. Wanzami ya zo da zabirarsa. Ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja. Ya danna wurin ya ji laushi, ya ce ya nuna. Abin da ke ƙarƙashin yatsansa hanji ne, fata ce kawai ta rufe shi. Idan ƙarfen nan ya shiga, abin da zai fito ba mugunya ba ce. Ƙazantar hanji ce. Za ta bi ta waje, wurin ya zama yoyon da ba ya tsayawa. Za ta bi ta ciki, cikin ya ɗauki zafi ya kumbura. Daga Kwandiko zuwa ɗakin tiyata akwai tafiya, kuma irin wannan ba ya jiran a nemo mota.

Saboda haka nake maimaitawa. Kumburin da ya fito a wurin ɗinki, sau da yawa hanji ne a ciki. Ba a yi masa sakiya. Ba a tsaga shi, ba a kafa masa ƙaho.

Haka nan zama cikin ruwan zafi da tsuguno a kan hayaƙi, waɗanda aka saba yi wa basir. Fatar da aka yi wa gashi ba ta da juriya. Ƙuna kaɗan sai ta zama gyambo, kuma gyambo a kan ƙaba shi ne abin da likita ya fi tsoro.

Ga mai cewa ciwon ne ya dawo kuwa, ina da albishir. Ƙaba daban, kansa daban. Fitowar ƙaba ba ta nufin kansa ta dawo. Likita ne zai tantance, kuma zai tantance ɗin kafin ya yi komai.

Wannan ya kawo mu ga kashi na huɗu. In an je asibiti, me ake yi?

Da farko likita zai duba ka a tsaye da kuma a kwance, ya ce ka yi tari. Sannan ya tura ka hoton ciki na na'ura, wanda ke nuna abin da ya gangaro da girman giɓin. Da hoton da gwajin jini ne zai tabbatar babu sabon tsiro. Wannan mataki ba a tsallake shi.

Bayan nan sai shawara. Idan ƙabar ƙarama ce, ba ta hana ka komai, likita zai iya cewa a bar ta ana lura da ita, a sa wando mai ɗan matsewa ya tallafe wurin. Haka ma idan jiki ba zai ɗauki wata tiyatar ba. Kada ka ga kamar an yi watsi da kai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan kuwa tana ciwo, tana hana zama da tafiya, tana taɓa fitsari, ko fatar wurin ta fara sirancewa, to sai gyara. Aikin iri ɗaya ne ko ta ina aka shiga. A mayar da hanji mazauninsa, a rufe giɓin da abin da zai riƙe. Wani likitan ta ƙasa yake shiga, ta kan tsohon ɗinkin. Wani ta ciki yake buɗewa, domin ya ga hanjin sosai ya raba shi da inda ya manne. A manyan asibitoci akan yi ta 'yan ƙananan huji da kyamara. Wani lokaci a haɗa sama da ƙasa.

Da me ake rufewa? Jawo nama a ɗinke kawai ba ya cika riƙewa, domin naman da za a jawo ɗin shi ne babu. Shi ya sa aka fi sa raga. Wata irin raga ce ta asibiti da ake shimfiɗawa a ɗinke ta da gefen ƙugu, nama ya tsiro ya kama ta. Akwai ta roba, ita ce aka fi samu. Akwai kuma wadda ake sarrafawa daga fatar dabba, mai tsada ce ƙwarai. Wata daga saniya ake yin ta, wata daga alade. Musulmi yana da haƙƙin ya tambayi likita wace iri za a sa masa, kuma tambayar ba rashin kunya ba ce. Idan wurin ya sha gashi ko ya taɓa ruɓewa, akan ɗebo tsoka daga jikin mutum, daga cinya ko ɗuwawu ko bangon ciki, a juyo ta da jijiyoyin jininta a toshe giɓin.

Zan gaya muku gaskiya, domin ba talla nake yi ba. Gyaran nan yana da wuya, kuma ƙabar takan dawo. Rahotannin likitoci a ƙasashen waje sun nuna tana dawowa a wajen kamar mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar. Wannan na nufin mafi yawa suna samun sauƙi. Yana kuma nufin ba aikin da za a kai wa kowane mai farar riga ba ne. Ba irin ƙabar mara ba ce da ake yi da safe a sallami mutum da yamma. Duk wanda ya ce zai yi maka ita a ɗakin bayan kemis, ka ɗauki takalminka.

Ina za a nufa? Shawarata, a koma asibitin da aka yi aikin farko, domin su suka san abin da suka yanke da abin da suka bari. A tafi da kati da duk takardun da aka bayar, har da na gashi. Wanda hanya ta yi masa nisa, ya fara da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Akwai likitocin tiyata, za su duba shi. In abin na turawa ne, su tura shi da takarda, ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko na Malam Aminu Kano, ko Shika.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu. Malam, kana ta lissafin asibitoci, aikin farko ma sai da muka sayar da shanun huɗa. Wannan gaskiya ce, ba ni da amsar da za ta share ta. Abin da zan ce shi ne, yawancin lokaci gyaran ƙabar nan ba na gaggawa ba ne. Ana sa masa rana. Iyali za su iya zama da likita su ji kuɗin, su zaɓi bayan girbi, lokacin da akwai ɗan abin hannu kuma aikin gona ya lafa. A tambayi ofishin JICHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jigawa, ko akwai abin da tsarinsu zai ɗauke. Aikin da aka shirya masa ya fi wanda aka shigo da shi tsakar dare sauƙi, a kuɗi da kuma a rai.

Na ce yawancin lokaci. Ga lokacin da ba a jira. Idan kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa ko an kwanta. Idan ciki ya murɗa, ga amai. Idan leda ta wuni babu abin da ya sauka cikinta, ko iska. Idan fatar wurin ta yi baƙi ko ta fara tsattsafo da ruwa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, mai yiwuwa hanji ya shaƙe ko yana shirin fashewa. A daina ba shi abinci da jiƙo, a nemi mota a wannan daren. Kada a ce sai gari ya waye.

Saura kashi na ƙarshe, kuma na mutanen gida ne. Bayan aiki, ko na farko ko na gyara, ɗinki yana bukatar hutu na makonni, wani lokaci har wata uku. Likita zai faɗi adadin. A cikin wannan lokaci babu ɗaukar buhu, babu huɗa, babu jan guga. Uwargida kuma babu daka, babu ɗaukar tulu, babu goyon jika. Doguwar tafiya a bayan babur kan hanyar burji, a haƙura da ita. Mai tari ya nemi magani. Mai taba ya ajiye ta. Mai ciwon suga ya kula da shi, domin suga yana hana rauni haɗewa. A ba shi abin da ke gina jiki, wake da gyaɗa da ƙwai da nono da kifi, gwargwadon hali. Kuma a riƙa duba gefen leda, domin nan ma ƙaba takan fito, har ta fi ta ƙasa yawa.

Abin da na lura shi ne, ba son aiki ne kawai ke sa mutum ya ɗaga buhu ba. Gori ne. Wani ya ce har yanzu kwanciya ake yi? Kishiya ta yi habaici a tsakar gida. Sai mara lafiya ya tashi ya nuna shi ma da sauransa. Jama'a, mu ji tsoron Allah da bakunanmu. Haka batun masallaci. Akwai masu leda da suka daina zuwa jam'i, suna ganin ba su da tsarki. Malaman fiƙihu sun yi bayanin hukuncin mai lalurar da ba ya iya riƙewa, kuma akwai sauƙi a ciki. A je a tambayi liman. Wanda zama ya gagare shi, shi ma addini ya ba shi yadda zai yi.

To, masu sauraro, lokaci ya ja. Ina da saƙo ga mutum uku kafin in tashi.

Baba wanzami, idan aka kira ka kan kumburi, ka fara tambaya ko an taɓa yin tiyata a wurin. In ka ga leda a gefen ciki, ko tabon ɗinki a ƙasa, ka mayar da ƙarfenka cikin zabira, ka ce a tafi Birnin Kudu. Za su ji maganarka fiye da tawa.

Uwargida, ko ke 'yar da ke jinyar mahaifiya, ku ne kuke ganin yadda ake zama a karkace. Ku tambaya cikin hikima, ku nemo katin asibitin nan daga ƙasan akwati.

Kai kuma ɗan'uwa da ke kwance kana jin wannan shiri, ka san da kai nake. Abin da kake shafawa da dare ana gyara shi. Ba a yi masa sakiya. Gobe da safe ka gaya wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, ku shirya tafiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.